Na Yi Inshorar Ambaliya, Amma Lamba Ɗaya Ta Jawo Mini Asarar Miliyan 1.6

Duk wanda yake Sakkwato a watan Satumba na 2010 ba ya bukatar a ba shi labarin ruwa. Shekarar ce ruwan dam ɗin Goronyo ya tumbatsa gulbin Rima, ya cinye gadar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har sai da kwalekwale ake tsallakawa. Lokacin ina yaron shago a wajen kawuna, da hannuna na kwashe ruɓaɓɓen gero zuwa juji. Ga kuma abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a 2024. Saboda haka da na ji a rediyo hukumar NIHSA, mai hasashen ambaliya a Najeriya, ta sa jiharmu cikin masu haɗarin ambaliya, ban tsaya jiran marka ba, na nemi kariya ga sitona da ke kusa da fadama.

Takaful na yi, wato inshorar Musulunci, don shi zuciyata ta fi kwanciya da shi. Na tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, na biya kuɗin nan take, tunda a dokar inshora in ba ka biya ba babu abin da ya rufe ka. An haɗa mini ambaliya cikin takardar inshorar gobara, aka kuma gindaya sharaɗin kada buhu ya taɓa ƙasa, sai bisa katako. Duk na kiyaye.

Inda na faɗi shi ne layi ɗaya: darajar kaya. A watan Mayu aka cike takardar, sito bai cika ba. Wakilin kamfanin ya ce, "Alhaji, nawa za mu rubuta?" Na ce miliyan 6. Gaskiya na faɗa, a ranar. Amma zuwa Yuli na sauke takin yuriya, na ƙaro shinkafa da gero, kaya suka kai miliyan 10. Ko sau ɗaya ban yi tunanin in koma in ce a ɗaga lambar ba, shi ma bai ce mini in dawo ba. Wannan shirun nasa har yau yana ci mini rai.

Ƙarshen Agusta, bayan sallar asuba, yarona ya bugo waya: "Alhaji, taho, ruwa sun shiga sito." Na iske ruwa iya gwiwa, ya haye katakon. Buhunan taki na ƙasa sun saɓe kamar an zare musu ciki, yuriyar ta narke ta bi ruwa. Kwana uku gero ya fara tsiro ta bakin ɗinki, tsami ya cika ɗakin.

Mai ƙiyasin asara ya zo, ya ɗauki hotuna, ya duba rasit da littafin shiga da fita. Asara miliyan 4, bai yi mini musu ba. Ni a lissafina, 4 ai tana cikin 6. Sai ya buɗe takardar ya nuna mini wani sakin layi: kayan miliyan 10 ka ajiye, na miliyan 6 ka rufe, to kashi 60 cikin 100 na kowace asara ke kan kamfanin, sauran kai ne ka ɗaukar wa kanka. Miliyan 2.4 ke nan, kafin ma a cire ɗan kason farko na asarar da takardar ta ce ni zan ɗauka.

Na gode Allah, kuɗin sun shigo, da su na biya masu taki ban sayar da fili ba. Maƙwabtana biyu ko sisi ba su samu ba. Amma miliyan 1.6 ta tafi a kan abin da ƙarin 'yan dubbai da waya ɗaya za su gyara.

Bana kafin in sa hannu sai da na sa ɗan ƙanena ya karanta mini takardar layi-layi da Hausa, na rubuta darajar sito a cike. Ranar da motar taki ta sauke kaya kuwa, kafin direba ya juya na kira wakilin.