Kada a yi gaggawar miƙa wa mai koyon hawa linzami

Da zarar Sallah ta matso, iyaye a Tahoua sukan kawo yaro su ce a koya masa hawa cikin sati guda don ya fita hawan Sallah. A nan ne akan fara ɓata yaro da doki gaba ɗaya.

Kwanakin farko a ƙasa ake yin su. Yaro ya koyi tunkarar doki ta kafaɗar hagu yana yi masa magana, domin doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma abin da ya zo masa ba zato harbi yake samu. Ya ja shi da ragama, ya share masa baya, ya koyi ɗaura sirdi. Majanyi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, sau biyu ko uku ake ja, tunda dawaki da yawa kan kumbura ciki a ja na farko. Sai a taka da dokin kaɗan a sake matsewa, a bar wurin shigar yatsu biyu. In ba a yi haka ba, sirdi kan juya da mutum yana sa ƙafa a likkafa.

Dokin koyo ya zama babba mai sanyin hali. Ɗan shekara 3 da shi kansa ake horarwa bai dace ba, haka ma ingarman da ke jin ƙarfi.

Batun linzami ne na fi damuwa da shi. Irin namu na gargajiya yana da ƙarfe da ke danna ganɗar doki da zobe da ke kama haɓa, don haka ja kaɗan ciwo ne mai yawa. Sabon mahayi kuwa in ya ji zai faɗi, abin da ke hannunsa yake riƙewa. Ya fizgi linzami, ya matse ƙafafu saboda tsoro, hannu na cewa tsaya, ƙafa na cewa tafi. Doki ya rikice, ya yi ta kaɗa kai, ko ya yi tutsu, ko ya miƙe tsaye. Wanda aka daɗe ana yi wa haka bakinsa mutuwa yake, ya daina jin ja, kuma gyaransa kan ci watanni.

Saboda haka malami ya riƙe dokin da igiya mai tsawon mita 7 zuwa 8, yana zagayar da shi a fili mai yashi, yaro a bisa ba linzami a hannu, da hular kwano a kai. Baya a miƙe, ido a gaba, tsinin ƙafa kawai cikin likkafa, diddige ƙasa. Takalmi mai diddige ake so. Silifa kan zarce cikin likkafa, in an faɗi doki ya ja mutum. Tafiya tukuna. Sai ya iya buɗe hannuwa biyu yana zaune daram sannan a shiga sassarfa, nan ma a daɗe. Bayan haka a ba shi ragama ya koyi juyawa da tsayarwa, linzami ya biyo baya, sukuwa daga ƙarshe. Ƙaimi ba na mai koyo ba ne sam.

Minti 20 zuwa 30 sun isa darasi ɗaya, da sassafe ko bayan la'asar, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Cinyar da ta gaji ba ta riƙe zama, sai yaro ya koma dogara da hannu. In an sauka a sassauta majanyi, a taka da doki har numfashinsa ya daidaita kafin a ba shi hatsi, a shafa bayansa a duba ko sirdi ya goge shi.