Kifi mai tashi: yadda yake shawagi, yadda ake kama shi da yadda ake dafa shi

Sunan yana da ɗan ruɗi. Kifin nan ba ya kaɗa fiffike kamar tantabara. Shawagi yake yi, irin na shirwa idan ta baje fukafukanta ta bar iska ta ɗauke ta. Duk ƙarfin tafiyar daga wutsiya yake fitowa.

Dangi ne mai nau'i sama da 60, kuma galibi a tekuna masu ɗumi suke zaune, kusa da saman ruwa. Yawancinsu ba su wuce santimita 15 zuwa 30 ba, wato tsawon taƙi ɗaya da 'yan kai. In aka shimfiɗa shi a faranti, abu biyu za a fara lura da su: fukafukan gefen ƙirji masu tsawo, waɗanda a wasu nau'o'in suke kaiwa kusan gindin wutsiya, sai kuma wutsiyar mai baki biyu, wadda reshenta na ƙasa ya fi na sama tsawo. Wannan reshe na ƙasa shi ne injin.

Kifin yakan fara ɗaukar gudu a ƙarƙashin ruwa, fukafukansa a manne da jiki. Da ya ɓullo sai ya baje su, amma bai rabu da ruwa ba tukuna: reshen wutsiyar yana nan ciki yana kaɗawa hagu da dama, har kusan sau 70 a daƙiƙa guda, yana barin wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe a fuskar ruwan. Sai gudun ya isa sannan ya ɗaga. Shawagi ɗaya yakan kai kimanin mita 50. Idan ya fara saukowa kuma bai ga dama ya nutse ba, ya sake tsoma wutsiyar ya kaɗa, ya ƙara gaba. Da haka wasu suke haɗa har mita 400. A watan Mayun 2008 ma'aikatan gidan talabijin na NHK sun ɗauki wani yana sama daƙiƙa 45 a kusa da tsibirin Yakushima na Japan. Akwai masu fiffike biyu, akwai masu huɗu, waɗanda fukafukan cikinsu ma suka yi faɗi. Waɗannan sun fi nisan zango.

Dalilin wahalar ba wani abu ba ne illa gudun ceton rai. Manyan kifaye irin su tuna suna binsa a ƙasa. Amma an gudu ba a tsira ba, don a sama ma tsuntsayen teku suna jira su cafke shi.

Halaye biyu ne suke jefa shi hannun masunta. Na farko, yana bin haske. A Tsibiran Solomon cikin dare marar farin wata ake fita da kwalekwale da wuta a kunne, a tare shi da raga yana cikin iska. In wata ya haska, dabarar ba ta ci, saboda hasken wutar ya daina jan hankalinsa. Na biyu, nau'o'i da yawa ba sa zuba ƙwai a fili. Ƙwan yana da zaruruwa masu danƙo, dole sai ya samu abin da ke yawo a kan ruwa ya maƙale. Masuntan Barbados, wani tsibiri a yankin Karibiyan, sun san haka, shi ya sa suke ɗaure ganyen rake ko na kwakwa dami-dami su saki a bayan jirgi. Kifin ya taru zai yi ƙwai, su kuma su kewaye shi da raga. Kakar kamunsa takan fara wajen Disamba ta kai Yuni.

A Barbados ɗin kifin ya wuce abinci. Hotonsa yana kan tsabar dala ɗaya ta ƙasar, kuma ana yi mata kirari da ƙasar kifi mai tashi. Bin sa da masunta suke yi har ruwan Tobago yana cikin abin da ya haɗa Barbados da maƙwabciyarta, ƙasar Tirinidad da Tobago, shari'ar iyakar teku, wadda kotun sasanci ta yanke a 2006. Daga 2011 kuma wata irin ciyawar teku ta riƙa mamaye yankin, kamun ya ja baya ƙwarai.

Abincin ƙasar shi ne wannan kifi da cou-cou, ana furta shi "kuku". Duk wanda ya taso a gidan da ake tuƙa tuwon masara zai gane shi da gani: tuwon masara ne, sai dai kuɓewar a cikin tuwon take, ba a miya ba. Ba abin mamaki ba ne, tunda yawancin mutanen tsibirin jikokin waɗanda aka kwasa ne daga Afirka ta Yamma.

Na mutum huɗu: garin masara mai laushi kofi 2, ɗanyar kuɓewa 10, ruwa kofi 6, gishiri ƙaramin cokali 1, man shanu babban cokali 2. A jiƙa garin da ruwan sanyi kofi 2. A yanka kuɓewar a dafa a sauran kofi 4 da gishiri na minti 10, a tace, a ajiye ruwan yauƙin daban. A mayar da rabinsa tukunya, a rage wuta, a zuba jiƙaƙƙen garin ana tuƙawa da muciya. Duk lokacin da ya yi tauri a ƙara ruwan kuɓewar kaɗan-kaɗan. Bayan minti 15 zuwa 20 zai fara sakin jikin tukunya. A lokacin ake zuba kuɓewar, a ƙara tuƙawa, a rufe ya sulala minti 5. A shafa man shanu a kwano a juya malmalar a ciki. Gudaji yana zuwa ne in an zuba busasshen gari a tafasasshen ruwa. In wuta ta yi yawa kuma, ƙasa ta kama alhali sama tana ƙanshin ɗanyen gari. Kada a sa kanwa. Yauƙin da ake so kaɗan ne, na santsi kawai.

Kifin ne mai aiki. Namansa fari ne, ba kitse sosai, amma yana da ƙananan ƙayoyi jere-jere. A kasuwannin kifi kamar ta Oistins akwai waɗanda sana'arsu ke nan, galibi mata: su buɗe shi ya kwanta kamar littafi, su zare layukan ƙayar da siririyar wuƙa, a bar 'yan kwaruruka a jikin naman. A waɗannan kwaruruka ake cusa kayan ƙanshi. Kifi 8 za a shafe da gishiri da ruwan lemon tsami biyu, a bari minti 15, a ɗauraye. Kada ya wuce haka, tsamin yana dafa naman ya saki. A daka lawashi, albasa, tafarnuwa, attaruhu ɗaya, ganyen tayim da ɗan kanumfari, a cusa, a naɗe kowane kifi kamar tabarma. A soya albasa biyu da tumatir huɗu a man shanu, a zuba ruwa kofi 2, in ya tafaso a jera kifin, a rufe, wuta ƙasa-ƙasa, minti 10 zuwa 12. Ba a juya shi da ludayi, girgiza tukunyar ake yi, in ba haka ba ya dagargaje. Inda babu kifin, tsokar karfasa da aka yanka siririya ita ta fi kusa. Tarwaɗa ta yi maiƙo da yawa.

Japanawa ta wata hanyar suka bi. A yankin Nagasaki suna kiransa ago, suna gasa shi su shanya, sannan su jiƙa su yi romo mai ɗanɗano wanda ba ya ƙarni. Ƙwansa kuwa, tobiko, shi ne 'yan ƙwayoyin nan masu ruwan goro da ake barbaɗawa a kan sushi, abincinsu na shinkafa da kifi, masu fashewa ƙaras-ƙaras a baki. Mutanen Tao na tsibirin Lanyu a Taiwan har lissafin shekararsu da zuwansa suke yi.

Sunansa na kimiyya, Exocoetus, daga Girkanci ne, ma'anarsa mai kwana a waje, don mutanen da sun ɗauka yana fita ya kwana a tudu. Daga nan Faransawa suka samo sunan makami mai linzaminsu Exocet, wanda shi ma shafar ruwa yake yi a tafiyarsa. Da shi Ajantina ta daki jirgin yaƙin Birtaniya Sheffield a watan Mayun 1982. A Hausa kuwa sai siffantawa, kifi mai tashi ko mai fiffike, tunda ba kifin kogunanmu ba ne. Akwai dai wani ɗan kifi mai faffaɗan fiffike a ruwayen Najeriya, Kamaru da yankin Tafkin Chadi, Pantodon, wanda yakan yi tsalle ya bar ruwa in an firgita shi. Ba danginsu ɗaya ba, kuma wutsiyarsa ba ta da wancan dogon reshe, don haka tsallen nasa bai kai ko'ina ba.