Wata Uku Ina Farautar Waya Guda a Carina

'Yan uwa masu koyo, jiya da la'asar na kama ɓarawon da ya hana ni barci tun watan Fabrairu, kuma har yanzu ina jin haushin kaina saboda kuɗin da na zubar kafin in kai gare shi. Waɗanda suka san motata, Toyota Carina E ƙirar 1994, sun san halinta: da safe tana tashi bugu ɗaya, amma idan injin ya ɗau zafi kuma na hau gargada, fitilun gaban direba sukan yi ta ƙyaftawa, injin ya yi shaƙuwa, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya. Sau biyu ta ajiye ni a hanyar Pitowa, wani gari kusa da Garwa a arewacin Kamaru, cikin zafin Afrilu, wanda ke haura digiri 40, sannan bayan rabin awa ta tashi kamar ba ita ba.

Na fara da batir, na sayi sabo a kan jaka 45 na sefa, alhali tsohon yana ba da bolt 12.5 a huce. Daga nan na canza gawayin altaneta da fiyus biyu, duk a banza, domin caji yana tsaye a kan 14.1 tun farko. Wani mai gyaran waya ya ce kwamfutar injin ce ta lalace, ya yanka mini farashin da ya sa na tattara kayana na dawo gida.

Abin da ya yaudare ni shi ne ƙarar mita, na'urar gwada wutar lantarki. Na gwada wayar mas, wadda ta haɗa injin da gangar jikin mota don wuta ta samu hanyar komawa batir, fiye da sau biyar, kuma kullum mitar tana kuka alamar hanya a buɗe take. Na manta cewa wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba, sili ɗaya na tagulla ya ishe ta wucewa, alhali sitata tana jan fiye da amfiya 100 lokacin tayar da injin. Gwajin da ba a ɗora wa waya kaya ba, ba ya faɗin komai game da ƙarfinta.

Allah ya sa jiya, bayan motar ta ƙi tashi a ƙofar gida, hannuna ya taɓa wayar totur, na ji ta da zafi kamar an ciro ta daga murhu. Wayar totur ba ta da abin yi da lantarki, saboda haka idan ta yi zafi, wuta ce ta rasa hanyarta ta komawa batir ta bi ta cikinta. Nan da nan na ɗora tsinken mita ɗaya a kan ƙafar batir ta mas, ɗayan a jikin injin, na ce wa ƙanena ya murɗa makulli. Mitar ta nuna bolt 1.3, inda bai kamata ta wuce 0.2 ko 0.3 ba. Da na girgiza wayar da hannu, lambar ta yi ta hawa da sauka.

A ido wayar lafiya ƙalau take, notinta a ɗaure tamau. Sai da na tsaga robar da reza kusa da kan da ke jikin injin na ga koren gari ya cika ciki, silin tagullar duk sun karye in ban da huɗu ko biyar. Idan injin ya huce, karyayyun suna taɓa juna su wuce da wuta. Idan ya yi zafi ya kama jijjiga, sai su rabu. Sabuwar waya mai kauri da kawunanta biyu jaka biyu da rabi na saye ta, na goge mazauninta da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure, na shafa giris a kai. Yanzu mitar tana nuna 0.1 ko injin ya yi zafi.

Yau da safe na je Pitowa na dawo, ina neman ramuka da gangan, fitila ko ɗaya ba ta ƙyafta ba. Allurar mai kaɗai ce har yanzu take rawa idan na taka birki, kuma ina zargin mas ɗin fitilun baya, wanda zan buɗe ranar Asabar in Allah ya kai mu.