Mu Masu Jinya a Gidajen Legas

Kowaccenmu tana bayan ƙofar wani gida a Ikeja ko Lekki, ita kaɗai da tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, tana juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Shi ya sa haɗa kanmu ke da wuya. Ma'aikatan jinya na asibiti suna da ƙungiya, in an taɓa su sai su tafi yajin aiki. Mu fa? Wace mai imani ce za ta bar tsohuwa kwance cikin fitsari ta ce tana yaji?

Adashe ne ya tara mu. Ran Lahadi mukan haɗu a Agege, a tsakar gidan wata babbarmu da muke kira Inna, kuma wajen zubi ne bakin kowa ya buɗe. Nan na ji mata biyu suna aiki iri ɗaya, amma albashin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar, ga dillalin da ya kai su ya cinye kuɗin watan farko. Ashe kunyar faɗin albashi da muke yi, dillalai take yi wa rana.

Doka ma ba ta rufe mu ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, gwamnatin Legas ta sa 85,000 ga ma'aikatanta, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane gida ne ke da masu jinya 25? Rajistar ƙungiyar ƙwadago kuwa sai da mutum 50 aƙalla, kuma can muka nufa.

Kafin nan, duk sabuwar da ta zo daga Arewa, Inna kan zaunar da ita: "'Yata, kada ki ajiye jakarki sai an rubuta." Albashi nawa, wace rana ce hutu, wa zai sayi safar hannu da sabulu, kuma jinya aka ɗauke ki, ba wanki da girkin gida duka ba. Gidan da ya riƙe haƙƙin ɗayarmu, babu wadda za ta shiga sai ya biya.

Waɗanda suka fi damuna su ne masu kwana a gidan aiki, da ba a bari su fito ko ran Lahadi. Su muke bi yanzu ta WhatsApp da saƙon murya, tunda da yawansu ba su yi karatun boko ba, wasu kuma sai dare ya raba suke samun damar saurara.