Idan jikin yaronki ya ƙi madarar shanu

Ƙannena masu goyon fari, a cikin jarirai 100 ana samun kamar 2 zuwa 3 da jikinsu ba ya karɓar madarar shanu. A asibiti alaji ake ce masa. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar furotin ɗin madarar a matsayin abokin gaba, sai ta tashi faɗa. Yawancin yaran suna rabuwa da abin kafin su kai shekara 5, wasu ma tun suna shekara 1 ko 2. Na raini irin wannan yaron, kuma rabin wahalar da ya sha daga hannuna ta fito.

Da hutun haihuwa ya ƙare na fara haɗa masa da madarar gwangwani. Sai gudawa, sai kukan dare yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, kumatunsa suka bushe suka yi kaushi. Kowa ya ce haƙori ne, ni ma na yarda, domin shi ne zancen da ya fi daɗin ji. Sai da na ga zaren jini a kashinsa sannan na nufi asibiti. Haƙori ba ya sa jini a kashi, ku riƙe wannan.

Likita ta ce a janye madarar shanu gaba ɗaya. Wata dattijuwa a gidanmu, da zuciya ɗaya, ta ce nonon akuya ya fi sauƙi a ciki, ni kuwa na ba shi ban tambayi kowa ba. Ciwo ya dawo sabo. Ashe furotin ɗin nonon akuya da na tunkiya kusan ɗaya ne da na saniya. Haka ma madarar da aka cire wa sukarinta, wato laktos: ta masu kumburin ciki ce, furotin ɗin yana nan daram. Abin da ya fi wa jariri shi ne nonon uwa, ko da za a ce uwar ta dakata da shan madara. In babu hali, akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta. Tana da tsada, ba zan ɓoye muku ba. Ta waken suya kuwa ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba.

Bayan yaye ne aiki ya ƙaru: man shanu a miya, biskit, alewar madara, shayin da babansa zai ɗanɗana masa a cokali, furar da za a miƙa masa a gidan suna. Sai kin cire kunya kin faɗa wa kowa, har kakanni.

Inda na fi cutar da shi, wajen gwaji ne. Na ji an ce yara suna warkewa, sai wata rana na zuba masa kindirmo a kofi, in gani. Ya kwana yana murɗawar ciki. Daga nan tsoro ya kama ni, na daina komawa asibiti, na hana shi duk abin da madara ta taɓa har ya kusa shiga firamare. Da muka koma, likitar ta ce mai yiwuwa ya daɗe da warkewa.

Gwajin yana da tsari, likitocin Ingila suna kiransa tsanin madara. Akan jira yaro ya kai wata 9 zuwa 12, kuma ya yi aƙalla wata 6 ba ya sha. A fara da ɗan gutsuren biskit mai madara, domin zafin gashi yana sauya siffar wani sashe na furotin ɗin. Wani bincike da aka yi a asibitin Mount Sinai na Amurka a 2008 ya nuna kashi 75 cikin 100 na yaran da aka gwada sun iya cin madarar da aka gasa cikin fulawa. In biskit ya zauna, sai kek, sai cuku, sai kindirmo, madarar sha ce ƙarshe. In mataki ya gagara, a koma na baya, a jira. Ni kusan daga saman tsanin na fara.

Wannan gwajin na gida na yaran da alamarsu ke zuwa a makare ne, bayan sa'o'i ko kwanaki, kuma sai da izinin likita. Wanda yake yin borin jini, ko leɓe ya kumbura, ko amai cikin mintuna zuwa awa 2, a asibiti kaɗai ake gwada shi. In numfashi ya fara sarƙewa ko jikinsa ya saki, a ruga asibiti, allurar adrenalin yake bukata nan take.

Kafin ya warke, ƙashinsa yana neman kalsiyam: ƙananan kifi busassu a daka da ƙayarsu, zogale, kuka, riɗi, wake. Kuma duk zuwanki asibiti, kada ki fito sai kin tambayi likita ranar da za a sake duba shi, ki rubuta ta a katinsa na awo.