Abin da matsi ke yi wa ƙarfen injin lantarki

A shekarata ta farko a ɗakin gwaji aka ba ni aikin auna wutar da ke salwanta a cikin ƙarfen wani injin lantarki. Takardar da ta zo da ƙarfen ta faɗi asararsa, wat kaza a kowane kilo, a tesla 1.5 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) da hez 50 (yawan kai-komon wuta a daƙiƙa ɗaya). Da na auna, lambata ta zarce tasu nesa ba kusa ba. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa an kawo mana kaya marar kyau.

Babban injiniyanmu ya karanta, ya ɗago kai. "Kafin a sa shi a gidansa ka auna, ko bayan an sa?" Na ce bayan an sa, Oga. Ya ce in ɗauko wanda ba a sa ba tukuna. Na auna wannan, sai ga asarar ta sauko. Ashe gidan alminiyam ɗin, da ake dumamawa ya buɗe a zura ƙarfen, idan ya huce sai ya shaƙe shi ta ko'ina.

A aji an koya mana cewa ƙarfen yana da silikon wajen kashi 3 cikin ɗari, kuma ana jera shi falle-falle, kowanne kauri milimita 0.35 ko 0.5, don a rage wutar da ke kewayawa a cikinsa tana zama zafi. Maganar matsi kuwa, layi biyu aka yi mata. Cikin ƙarfen akwai ƙananan yankuna, kowanne da inda maganaɗisunsa ya fuskanta, iyakokinsu suna kai da komo duk sa'ad da wuta ta juya. Idan aka matse ƙarfen ta hanyar da maganaɗisun zai bi, yankunan sai su gitta, juyo da su ya yi wuya, wahalar kuma ta fito a matsayin zafi. Tun 1865 Emilio Villari ya gano cewa matsi na sauya halin maganaɗisu. Kishiyar wannan, wato ƙarfe ya ɗan sauya tsawo idan maganaɗisu ya shige shi, James Joule ya gani a 1842, kuma ita ce ke sa taransifoma gunji.

Abin da ya fi ba ni mamaki, jan ƙarfen kaɗan taimako yake yi. Shi ya sa ake lulluɓe fallayen taransifoma da wani shafe mai riƙe su a miƙe.

Sai kuma yanka. Injin da ke huda fallen yana jigata bakin wurin da ya yanka, musamman idan kaifinsa ya dakushe. A falle mai faɗi ba a cika ji ba, amma a siraran haƙoran da ake yanka wa fallayen injin lantarki, ɓangare mai yawa na ƙarfen baki ne. Gasa shi a zafi wajen digiri 800 yana warware yawancin wannan, sai dai ba kowa ke son kuɗin ba, kuma a ganina nan ake yin arha mai tsada.

Ita lambar takarda, an samo ta ne daga siraran fallayen ƙarfe masu faɗin milimita 30, a kwance cikin na'urar auna asarar ƙarfe da ake kira Epstein, ba abin da ya danne su. Na karɓo rahotona na sake rubuta shi, da layi biyu na awo: kafin gida, bayan gida.