Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Wata Shida a Kusurwar Ɗakin Taro

A makon jiya na tsaya ne inda Malam ya dawo mini da babin farko na kundin digirina na uku, duk ya sha jan biro. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "'Yata, kin haddace Weber, amma ba ki taɓa yini a ma'aikata ba. Je ki zauna ki gani."

Max Weber, Bajamushen masanin ilimin zamantakewa da ya rasu a 1920, ya siffanta ma'aikatar zamani a matsayin wurin da rubutacciyar ƙa'ida ke mulki, ana ɗaukar mutum aiki bisa cancanta, ba sanayya ba. A lokacin na ɗauka haka abin yake a ko'ina.

Da kyar wani kamfani ya yarda in riƙa zama a sashen injiniyoyinsa. Maza sun haura 20, mace ɗaya tak. A taron farko shugaban sashe ya miƙa mata takarda ta rubuta abin da aka tattauna. Taro na biyu ma ita, na uku ma ita. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi, kuma wannan ne ya fi damuna. Hannunta na kan biro, yaushe za ta ɗago ta kawo shawara? Da lokacin ƙarin girma ya zo, fom ɗin ya tambayi ayyukan da mutum ya jagoranta. Babu gurbin rubutun taro a ciki.

Wata rana na tambaye ta me ya sa ba ta ƙi ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Idan na ƙi, ba za a ce ni ce na ƙi ba. Cewa za a yi mata ba su da haɗin kai."

Daren nan na koma kan binciken da masaniyar ilimin zamantakewa Rosabeth Moss Kanter ta wallafa a 1977 kan wani babban kamfanin Amurka, wanda a da na karanta sama-sama. Ta nuna cewa idan wani rukuni bai wuce kashi 15 cikin 100 na ma'aikata ba, akan daina kallon mutum a karan kansa, sai a mayar da shi wakilin jinsinsa: kowa ya zuba masa ido, kuskurensa ya zama na duka. Abin da baiwar Allahn nan ta faɗa mini ke nan, ba ta taɓa jin sunan Kanter ba.

Na yage babin nan na sake sabo. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na kai wa shugabannin kamfanin sakamakon.